Ruwan Tiga da Tasirin Tsara: Waiwaye kan Lafiyar Yara da Matasa a Kura da Bunkure

Matsin lambar tsara, wato ƙarfin da sa'o'in yaro suke da shi na karkata shi ga aikata abin da ba zai aikata ba in shi kaɗai ne, ko barin abin da ba zai bari ba in da babu idonsu, tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma magabata sun san shi tun kafin masana halayyar ɗan Adam su raɗa masa suna, shi ya sa suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abin da ya cancanci nazari a yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam shi ne yadda wannan tsohon ƙarfi ya sami sabon muhalli cikin shekaru hamsin da suka wuce, har ya zamana abin da tsara take nema daga yaro a yau, da farashin da jikinsa yake biya domin ya amsa kiranta, sun sha bamban da abin da kakansa ya sani. Hujjar da wannan rubutu yake kafawa ita ce, a wannan yanki yawancin matsin da yake cutar da lafiyar matasa daga wurin aiki da neman kuɗi yake fitowa, don haka nasihar da aka saba yi ta cewa yaro ya guji miyagun abokai, duk da gaskiyar da ke cikinta, ba ta kai ga inda ciwon yake.

Kafin zuwan ruwa, rayuwar yaro a waɗannan garuruwa tana tafiya ne a kan tsarin gandu, wato haɗakar noma ta uba da 'ya'yansa maza, inda suke aiki a gonar gida daga safiya zuwa azahar, uban kuma ya ɗauki nauyin ci da haraji da auren fari, sannan ya yanka wa kowane saurayi gayauna, ƙaramar gonar da yake nomawa da yamma domin biyan ƙananan buƙatunsa. Tsara tana da gurbinta a wannan tsari, kuma gurbi ne mai ƙarfi ƙwarai. Akwai gayya, inda samari suke haɗuwa su nome gonar mutum ɗaya ana kiɗa ana zuga su, akwai dandali da dare, akwai kokawa da dambe da kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, akwai kuma sarkin samari da yake da ikon tsawatarwa da cin tara. Saurayin da ya bari aka wuce shi a kunya ranar gayya yakan sha dariya, wanda ya ƙi shiga fagen kokawa kuma a kira shi rago, don haka kuskure ne a ɗauka cewa matasan wancan zamani ba su san matsi ba, ko kuma cewa matsin bai taɓa jikkata kowa ba. Bambancin shi ne abin yana faruwa a gaban manya, yana da lokacinsa a shekara, kuma abin da za a iya tura yaro ya sha ko ya saya bai taka kara ya karya ba, domin kuɗi ba su cika zama a hannunsa ba. Da rani kuwa gona takan huta, jiki ya huta, wasu su tafi cin rani, wasu su tafi karatun allo.

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ita ce ta sauya wannan lissafi. Daga gare ta ne ruwa yake gangarowa da kansa, ba tare da injin turawa ba, ya bi babban kanal ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har ya isa gonaki, a ƙarƙashin Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda aka fara gwajinsa a Kadawa, aka tsara kashinsa na farko zai shayar da kadada 22,000, daga baya kuma kulawarsa ta koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Alherin da wannan aiki ya kawo ba abin musu ba ne: alkama da tumatir da albasa da masara da shinkafa sun mayar da yankin rumbun abinci, Kura ta zama cibiyar gumi da casar shinkafa, Kwanar Gafan ta zama kasuwar tumatir da manyan motoci suke lodi zuwa Legas da sauran biranen kudu, yunwar bazara da ta addabi magabata kuma ta ragu. Sai dai tun a ƙarshen shekarun 1970 mai bincike Tina Wallace, wadda ta yi nazarin yankin, ta nuna cewa noman rani yana cin kuɗi da hannaye fiye da abin da ƙaramin manomi yake da shi, abin da ya sa ba da hayar gona ga masu hali da dogaro da 'yan ƙwadago suka yawaita. Daga nan ne saurayi ya gano cewa ƙarfinsa haja ce da ake saye da tsabar kuɗi kowace rana, rani da damina, kuma ba lallai ne ya jira ubansa ya yi masa komai ba. Kowace bunƙasar kasuwa da ta biyo baya, daga hana shigo da alkama a 1987 zuwa rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 da ya ɗaga darajar shinkafar gida, ƙara wa wannan haja farashi ta yi, ta kuma rage shekarun da yaro yake fara sayar da ita.

Matsi na farko da ruwan ya zo da shi a kan ƙananan yara ya faɗa, kuma shi ne wanda aka fi rainawa. Da tsakar rana a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake kai wa maki 40, bakin kanal shi ne dandalin yara maza: sukan tuɓe riguna su tara a gefen siminti, su hau kan gada ko bakin ƙofar sakin ruwa, babba ya fara dirowa, na biye da shi su bi, ƙaramin da ya tsaya yana raba ido kuma a yi masa sowa har sai ya rufe ido ya faɗa. Wanda bai iya ninƙaya ba yakan ɓoye rashin iyawarsa, domin faɗin gaskiya a wannan wuri daidai yake da sallama daga ƙungiya, alhali ruwan babban kanal yana da gudu, gefensa kuma yana da santsi da gansakuka, wanda ya gaji ba ya samun abin kamawa. Bayan haɗarin nutsewa akwai tsargiya, cutar da take sa fitsarin jini, wadda likitan Jamus Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851, kuma wadda aka daɗe da sanin tana bin manyan ayyukan ban ruwa a Afirka. Yadda take yaɗuwa a bayyane yake: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi da yake zaune a ruwa mai ciyayi, ya hayayyafa a cikinsa, sannan ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ya je ya zauna a jijiyoyin jini da suke kewaye da mafitsara. Ƙungiyar yaran da suke wanka tare, ke nan, su ne suke zuba cutar kuma su ne suke kwasarta.

Abin da ya sa tsargiya ta shiga wannan bahasi shi ne fassarar da tsara take yi mata. A wurare da dama na ƙasar Hausa an daɗe ana ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro namiji a matsayin alamar girma, kuma inda kusan kowa a cikin sa'o'i yake da shi, wanda ba shi da shi ne yake zama bare. Cutar da aka mayar abin alfahari ba a kai ta asibiti, ga shi kuwa tana shan jinin yaro a hankali, tana rage masa kuzari da fahimtar karatu, tana tauye girmansa, kuma in ta daɗe takan lalata mafitsara da ƙoda, har ma ta share fagen sankarar mafitsara bayan shekaru masu yawa. 'Yan mata da suke wanki da wanke-wanke a bakin ruwa su ma suna kamuwa, a jikinsu kuma takan taɓa al'aura da mahaifa, sai dai kunya takan hana su faɗa, domin alamunta suna kama da na cututtukan da ake zargin mai su. Maganinta, wanda ake kira Praziquantel, yana da sauƙin sha kuma ana raba shi kyauta, amma ba ya hana sake kamuwa, don haka yaron da ya sha shi ranar Litinin ya koma kanal ranar Alhamis tare da abokansa ya koma gidan jiya.

Matsi na biyu, wanda ya fi nauyi, yana jiran yaro ne a lokacin da ya kai shekara 13 ko 14 ya shiga ƙungiyar 'yan ƙwadago. Yawancin manyan ayyukan gonar shinkafa, kamar dashe da yanka da bugu, jinga ake bayar da su, wato a yi ciniki a kan aikin gaba ɗaya, ba a kan awannin da za a shafe ba, sannan ƙungiya ta raba kuɗin a tsakaninta. Ma'anar wannan tsari ga jiki ita ce, gwargwadon saurin gamawa gwargwadon yawan gonakin da za a shiga a rana, kuma duk wanda ya yi sanyi yana rage wa kowa rabonsa. A wurin dashe samari sukan jeru a sunkuye, ƙafa cikin taɓo har ƙauri, damin iri a hannun hagu, dama tana cusawa, layi yana ja da baya tare, ta yadda wanda ƙugunsa ya gaza ya miƙe domin ya huta kowa zai ga gurbin da ya bari. A wurin bugu kuma ana ɗaga dami a maka shi a jikin duro daga hantsi har rana ta yi sanyi, ƙaiƙayi yana cin wuya, ƙura tana shiga ƙirji. A irin wannan wuri ne babban cikinsu yake zaro katin ƙwaya daga aljihu, ya ɓalle ɗaya ya miƙa wa sabon shiga tare da ruwan leda ko kofin shayi, ya ce masa, “Ƙanena, karɓi ka ji ƙarfi, kada ka kwantar mana da aiki.” Babu mugunta a muryarsa, hasali ma a ganinsa taimako ya yi, kuma wannan shi ne ya sa ƙin karɓa yake da wuya, domin wanda ya ƙi bai ƙi shagala ba, ya ƙi ɗaukar nasa kason na wahalar jama'a ne, gobe kuma ba lallai a neme shi ba.

Shan abin ƙara kuzari domin aiki ya girmi wannan zamani. Goro da taba gari tsofaffi ne, ƙwayoyin hana barci da gajiya sun shiga hannun leburori da manoman Arewa tun shekarun 1960 da 1970, gadagi kuma, wato shayin saiwoyi da ganyaye da masu aikin ƙarfi suke sha, sananne ne a Kano. Abin da ya sauya shi ne ƙarfin abin da ake sha da arahar samunsa. Taramol, wanda sunansa na asibiti Tramadol, maganin kashe zafin ciwo ne daga dangin da ake kira ofiyod, wato magungunan da suke aiki a ƙwaƙwalwa irin aikin sinadarin da ake samu daga furen fofi, kuma a Najeriya an amince ne da mai nauyin miligiram 50 da 100 bisa takardar likita, amma wanda ya cika kasuwar bayan fage mai 200 ne da 225, har da abin da ya fi haka, alhali iyakar abin da ake yarda babban mutum ya sha a yini guda miligiram 400 ne. Ƙwaya biyu daga irin wannan kati sun kai iyakar baligi ko sun haye ta, balle yaron da bai gama girma ba. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana ba wa 'yan ƙasa da shekara 12 taramol da kodin baki ɗaya saboda yadda suke danne numfashi.

Taramol ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi, abin da yake yi shi ne toshe saƙon gajiya da zafi da jiki yake aika wa ƙwaƙwalwa, ta yadda yaro zai ci gaba da aiki a kan ciwon baya ko yankan lauje ko ƙishirwar da ya kamata ta tsayar da shi, a cikin rana mai ƙuna da take ƙafar da ruwan jiki ta wahalar da ƙoda. In an sha da yawa yakan kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda a gona mai ruwa ko a kan babur tana iya zama ajali, in kuma aka haɗa shi da kodin ko ƙwayoyin sa barci numfashi yakan yi rauni har ya tsaya. Bayan 'yan makonni jiki yakan saba, adadin jiya ya daina isa, ranar da ba a sha ba kuma sai ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci da ƙunci su taso, har yaron ya gaskata cewa ba shi da lafiya sai da ƙwaya. A wannan mataki abokai sun gama nasu aiki, jikin ne da kansa yake matsa masa, kuma shi ne zai miƙa wa na bayansa.

Hukumomi ba su yi shiru ba, sai dai tarihin matakansu ya nuna yadda buƙata take sauya riga in an tare mata hanya ɗaya. An kafa hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 1989. A 2017 Majalisar Dattawa ta ji ƙiyasin cewa ana shan kwalaben kodin miliyan 3 kowace rana a jihohin Kano da Jigawa, a farkon Mayun 2018 kuma, kwana ɗaya bayan wani binciken BBC da ya fallasa cinikin, Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. A shekarar ce Indiya, inda yawancin taramol yake fitowa, ta tsaurara dokar fitar da shi, amma ba a jima ba wasu ƙwayoyi masu haɗin Tapentadol da Carisoprodol suka maye gurbinsa a kasuwannin Afirka ta Yamma, har sai da Indiya ta hana haɗa su a 2025. Binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan ofiyod na kemis suka sha ba bisa ƙa'ida ba, kuma ya sanya jihar Kano, birni da ƙauye, a kan kashi 16 cikin ɗari. A 2024 an tilasta wa dillalan magani na Sabon Gari komawa sabuwar cibiyar Dangwauro da ke kan titin Zariya domin a iya sa ido a kan abin da ake sayarwa. Duk waɗannan matakai ne a kan mai kawowa da mai sayarwa, kuma suna da amfaninsu, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa dalilin da ya sa yaro mai shekara 15 yake buƙatar abin da zai kashe masa ciwon ƙugu kafin azahar.

Gasar nuna jarumta irin ta bakin kanal ita ce kuma take bayyana a wurin feshi, inda saurayi yake goya tankin maganin ciyawa ko na ƙwari ba takalmi ba safar hannu, yana gauraya shi da hannu, wanda ya ɗaura ƙyalle a hanci kuma a tambaye shi ko shi mace ce. A shekarun da tsutsar tumatir ta yi ɓarna, musamman 2016, feshi ya ninka, kuma da yawa daga cikin magungunan ƙwari suna shiga jiki ta fata da numfashi, su kawo jiri da amai da dalalar yawu da ƙuncin ƙirji, waɗanda ake dangantawa da zafin rana a wuce wurin.

Ilimin zamani ya yi bayanin abin da ya sa wannan shekaru suka fi kowane lokaci rauni a gaban tsara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran shekara 10 zuwa 19 lokacin tashen balaga, kuma a cikinsa sashen ƙwaƙwalwa mai jin daɗin yabo da lada yakan riga sashen gaba, mai auna sakamako da taka burki, nuna, domin shi wannan na biyu ba ya kammala girma sai an haura shekara 20. A wani gwaji da Margo Gardner da Laurence Steinberg suka wallafa a Amurka a 2005, an sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, wani lokaci su kaɗai, wani lokaci sa'o'insu suna kallo, sai aka ga matasa suna ƙara yin kasada sosai in ana kallonsu, manya kuwa kallon bai cika sauya su ba. Darasin da ke cikin wannan ga mai nazarin Kura da Bunkure shi ne, ba sai an furta wa yaro komai ba, kasancewar idon abokai a kansa kaɗai ya isa, kuma yaron da ya haddace illolin ƙwaya a aji yana iya karɓarta a gona ba tare da ya manta ko ɗaya daga cikinsu ba.

Matsin da yake kan 'yan mata ya fi ɓoyuwa, domin a cikin gida da wurin biki yake faruwa. Su ma kuɗi sun shiga hannunsu ta hanyar tallan abinci a gonaki da kasuwanni, da sheƙa da kala a lokacin girbi, da taya iyaye mata aikin gumi, kuma ma'aunin da ƙawaye suke auna juna da shi ya koma anko da waya da hasken fata da cikar jiki. Man bilicin, wanda yakan ƙunshi sinadarai masu sa fata ta yi siriri ta kasa kare kanta, wani lokaci har da zaiba mai lalata ƙoda, daga hannun ƙawa yake fara zuwa, haka ma ƙwayoyin sa ƙiba da ake sha gab da aure, waɗanda da yawansu magungunan asibiti ne masu tara ruwa a jiki, su hau da jini da sukari, su raunana garkuwar jiki. Binciken 2019 da aka ambata ya nuna cewa ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwaya a Najeriya mace ce, amma mata ba su cika zuwa neman magani ba, saboda abin da za a ce da su da gidansu ya fi tsoratar da su fiye da ciwon. Kasuwannin kaka irin na tumatir, da suke tara baƙi na 'yan watanni ba tare da iyali ba, sun ƙara wa yarinya mai talla wani haɗarin, kuma samamen da Hisbah takan kai irin waɗannan wurare yana watsa taro ne na ɗan lokaci, buƙatar da ta kai yarinyar can tana nan. Wayar hannu kuma, tun daga shigowarta a 2001 zuwa zamanin TikTok, ta faɗaɗa ma'anar tsara, har ya zamana saurayi a Bunkure yana auna kansa da wanda bai taɓa gani ba a Kano ko Dubai.

Ba adalci ba ne a ɗora wa ruwan Tiga laifin duk wannan, domin garuruwan da ba su da kanal ma suna fama da ƙwaya, kuma talaucin da noman rani ya rage shi ma mai kisa ne. Haka nan ba daidai ba ne a ɗauki tsara a matsayin cuta. Ƙungiyar da take miƙa wa yaro ƙwaya ita ce take kai shi asibiti in ya faɗi, ita take haɗa masa gudummawa ranar aurensa, kuma a garuruwan nan akwai samarin da abokai ne suka ja su zuwa makarantar dare ko Islamiyya ko ƙungiyar ƙwallo, suka kuma hana su abin da iyayensu ba su ma san suna dab da farawa ba. Iyaye da malamai da suke cewa yaro ya rabu da abokansa suna neman ya rabu da hanyar cin abincinsa ne da kuma mutanen da za su tsaya masa, shi ya sa yakan amsa da “to” ya koma inda ya fito. Akwai shaidar cewa bi ta cikin ƙungiyar ya fi yaƙar ta amfani: a wani gwaji da aka yi a makarantun Ingila da Wales, aka wallafa a 2008, an bar ɗalibai su zaɓi waɗanda suka fi jin maganarsu a cikinsu, aka horar da waɗannan su riƙa zance da abokansu a kan taba a hirarsu ta yau da kullum, kuma an sami raguwar fara shan taba in an kwatanta da makarantun da ba a yi haka ba.

A yankin noman rani waɗanda ake jin maganarsu sanannu ne, kuma ba a aji suke ba. Su ne shugabannin ƙungiyoyin 'yan ƙwadago da suke karɓar jinga su raba kuɗi, da manyan yaran da suke fara dirowa a kanal, da masu shayin da ake taruwa a teburinsu da asuba kafin a shiga gona, da uwayen ɗakin amare. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda aka ƙarfafa a ƙarƙashin shirin gyaran kanal na TRIMING da Bankin Duniya ya fara tallafa wa a 2014, suna da rajistar manoma kuma suna zama a kan rabon ruwa da yashe magudanai, don haka suna da ikon da za su sa baki a kan shekarun yaron da za a ɗauka feshi, da hutun tsakar rana a watannin zafi, da ruwan sha a bakin gona, kamar yadda sarkin samari yake da ikon cin tara a da. Manomin da ya ba da jinga a farashin da ba za a iya cimma ba sai an yi aikin mutum biyu yana da hannu a cikin katin da ake ɓallewa a gonarsa, ko da bai taɓa ganinsa ba. Rabon maganin tsargiya ma yana da irin wannan giɓi, domin yawanci ta makarantun boko ake bi da shi, alhali yaran da suka fi daɗewa a cikin ruwa, wato 'yan ƙwadago da almajirai da masu kiwo da 'yan talla, su ne ba sa cikin aji ranar da aka zo rabo, kuma kai maganin bakin kanal da tsangayu da wuraren bugun shinkafa, ta hannun waɗanda yaran suke bi, shi ne zai sa a same su.